Yaron da bai yi magana ba: wa za a kai wa a Tagriss?

A Tagriss, kamar sauran ƙauyukan Dakoro, idan yaro ya kai shekara uku bakinsa bai buɗe ba, abin da aka fi ji shi ne a yi haƙuri, kowa da lokacinsa. Wasu su kira wanzami ya cire masa beli, alhali beli ba shi ke hana magana ba, kuma aska na iya jawo zubar jini da miki. Sau da yawa matsalar a kunne take. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa, kamar yadda aka gani a 2015, kuma kurumta na cikin abin da cutar ke bari ga wanda ya tashi. Haka ƙyanda da ciwon kunne mai fitar da ruwa. Yaron da bai ji ba, ba zai kwaikwaya ba, don haka awon ji shi ne matakin farko.

Mai gyaran magana, wanda ake kira ortofonis a asibitocinmu, sana'arsa ta karatu ce da takardar shaida. Shi ke aiki da mai in'ina, da wanda aka ɗinke wa tsagaggen leɓe, da dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe. Irin waɗannan ƙwararru kaɗan ne a ƙasar nan, kuma ƙarancin nan shi ke buɗe ƙofa ga 'yan damfara, domin farar riga a kasuwa ake sayenta. Hanya mafi aminci ita ce a fara da ƙaramin asibitin gwamnati, wato CSI, a karɓi takardar turawa zuwa asibitin Dakoro, daga nan Maraɗi, in ta kama har Yamai. In asibitin kuɗi aka je, a tambayi makarantar da mutum ya yi da izinin ma'aikatar lafiya. Wanda ya tsallaka Kano ko Katsina ya nemi a nuna masa rajistar hukumar MRTB, wadda ke kula da wannan sana'a a Najeriya. Mai gaskiya ba ya fushi da tambaya, kuma ba ya alkawarin yaro zai yi magana cikin sati biyu.

Za a ce manomi ko makiyayi da ke neman kuɗin mota ina ruwansa da takardu. Ai shi ya fi kowa buƙatarsu, tunda akuyar da ya sayar ba za ta dawo ba. Inshorar lafiya galibi ta masu albashi ce, su ma ya kamata su tambaya tun kafin a fara ko tana biyan zaman gyaran magana, kuma sau nawa. Kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, wadda gwamnati ta kafa a 2006, a asibitocin gwamnati take aiki, wani dalili ke nan na zuwa da wuri.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jihar Maraɗi su liƙa sunayen ƙwararrun da aka amince da su a kowane CSI, su kuma sanar da su da Hausa a gidajen rediyon karkara.