Kitson Yarinya Daga Tukunya Yake Farawa

Da rani, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi, mukan zaga ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Gumel domin maganar iri da taki da ajiyar hatsi. A wani ƙauye, bayan an gama maganar rumbu, sai gardama ta tashi a gefen mata a kan abin da ba ya cikin takardarmu. Wata tsohuwa ta dubi yara mata da ke wasa a gindin darbejiya, ta ce, "Ku dubi kawunan jikokinmu. Matan yanzu ba su san gyaran kan ɗiya ba." Sai wata mai goyo ta ɗan ture ɗankwalinta baya, ta ce, "Inna, ki gafarce ni, amma ga aikin kitson da. Tun ina ƙarama aka cinye mini gashin goshi." Maza suka yi dariya, suka ce wannan zancen mata ne.

Mu dai ba mu ga zancen mata kaɗai ba ne. Manomi in ya ga ganyen geronsa ya yi ja, ya san ƙasa ce ta gaji, sai ya nemo taki. Haka kan yarinya yake. Wanda ya iya dubawa zai gane abin da ke shiga tukunyar gidan, da yawan ruwan da ke cikin randa, da ko uwar tana samun lokacin zama. Saboda haka muka ga ya kamata mu auna maganar matan nan biyu.

Abin da iyayenmu mata suka sani

Ƙananan hukumomi huɗu ne ke cikin masarautar Gumel, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma tun 1991 suna cikin Jihar Jigawa. Ƙasa ce ta rairayi, a bakin iyakar Nijar, ba babban kogi, rijiya kuwa sai an yi gaba da yawa kafin a tarar da ruwa. Hunturu yakan zo da ƙura da bushewa. Gashinmu na baƙar fata a nannaɗe yake, shi ya sa maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya saurin kaiwa ƙarshen sili. In aka bar shi a bushe sai ya kakkarye.

Iyayenmu mata ba su shiga aji ba, amma sun san wannan. Ran suna, a gidaje da yawa, wanzami yakan aske kan jariri. In yarinya ta tasa a bar mata tukku ko zanko, har gashi ya isa kamawa a fara kitso. Ranar gyaran kai, uwa takan tsefe tsohon kitso da kibiya, ta jiƙa karkashi har ya yi yauƙi, ta wanke kan da shi. Yauƙin nan shi ke sa mataji ya wuce ba tare da ya tsinka gashi ba. Daga nan ta shafa man shanu da ta saya wurin Fulani, ko man gyaɗa, ko man kaɗe in fatake sun kawo daga kudu, gama kaɗanya ba ta da yawa a wajenmu. Sa'an nan a kitse, a rufe. Kitso yana tsare gashi daga ƙura da karyewa, kuma ba ya cin ruwa kullum. Wannan dabara ce ta mutanen da suka san tsadar guga ɗaya.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗi ba. Yarinyar da ta kwantar da kai a cinyar uwarta na tsawon yamma guda, uwar ta ga fatar kanta, ta ga bayan kunnenta, ta ji zafin jikinta, ta kuma ji abin da ke damunta. Sau da yawa a wurin kitso ake fara gane ciwo. A nan tsohuwar nan tana da gaskiya.

Inda aka yi kuskure

Mai goyon ma tana da tata gaskiyar. An daɗe ana cewa kitso mai kyau shi ne wanda aka ja har ido ya ɗage, domin ya daɗe bai tsufa ba. Yarinya tana kuka ana danne ta da gwiwa, ana ce mata kyau sai da wuya. Likitoci sun tabbatar cewa yawan jan nan yana raunana saiwar gashi, musamman a goshi da gefen kunne. Da fari ƙananan ƙuraje ke fitowa a bakin kitson. In an sassauta a lokacin, gashi yakan dawo. In aka yi shekaru ana ja, saiwar takan mutu, kuma babu man da zai tsiro da ita. Alamar mai sauƙi ce: kitson da ya hana yarinya barci a daren farko, ya yi tsauri, a warware shi. Ƙarin gashin roba da ake yi wa ƙananan yara da salla ko Kirsimeti yana ƙara nauyi a kan saiwar da ba ta yi ƙwari ba.

Jan gashi ba ado ba ne

Yanzu ga maganar da ta fi damunmu. Akwai yaran da za ka ga gashinsu ya yi ja ko fari-fari, ya yi laushi, nannaɗewarsa ta saki, in an taje sai ya biyo mataji ba tare da yarinyar ta ji zafi ba. Wani lokaci rana ce da ƙura, ko lalle, ko gado. Amma in aka haɗa da kumburin ƙafa, da rashin son wasa, da yawan ƙananan koke-koke, to, tamowa ce.

A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta bayyana wannan ciwo, a 1935 kuma ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Ankara ke kiransa, kwashiyoko. Ma'anarsa ciwon da ke kama yaro sa'ad da ƙanensa ya zo. Mu ma mun san shi. In mace ta yi kwanika sai a yaye na hannu farat ɗaya, a kai shi wurin kaka, a bar shi da kunu tsararo. In ya rame a ce ya sha ciki. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kayar da yaron shi ne an raba shi da nono ba a ba shi abin da zai maye gurbinsa ba, sa'an nan zawo ko ƙyanda su same shi ba ƙarfi.

Gashi yakan tsiro kimanin santimita 1 a wata. Saboda haka a kan wadansu yara akan ga sili ɗaya da launi biyu, baƙi da ja, jan yana nuna watannin da abinci ya yi ƙaranci. A wajenmu watannin nan sanannu ne, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, uwa kuma tana gona tun safe. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san irin kawunan da muke faɗi. Ba a kuma rabu da abin ba, gama binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kimanin 64 cikin 100 na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure.

Abin mamaki, ƙasarmu ce ke noma wake da gyaɗa da riɗi. Kowace Alhamis motoci suna fita daga kasuwar Maigatari cike da dabbobi. Mukan sayar da riɗi da wake tun da kaka, mu kai ƙwan zabi bakin hanya, mu bar wa yara tuwo da miya tsinkakkiya. Har yanzu akwai masu cewa yaron da ya ci ƙwai zai yi sata. Uwa ba ta iya dafa abin da ba a ba ta ba, kuma makullin rumbu a hannun maigida yake.

An gwada wani abu a ƙasarmu wanda ya isa darasi. Daga 2014 zuwa 2019, a Gagarawa da Buji da Kirikasamma, da Anka da Tsafe a Zamfara, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun riƙa ba mata Naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, tun suna da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da koyarwa a kan ciyar da yara. Masu binciken da suka bi sawun shirin sun tarar tsumburewa ta ragu, mata kuma sun ƙara sana'a da kiwo. Watau da iyaye mata suka sami abin hannu, sun san inda za su sa shi.

Makero da ƙwarƙwata

Makero shi ne tabon nan mai zagaye da ke cin gashi ya bar fari-farin garje. Yana yaɗuwa ta aska da mataji da ɗankwali da matashin kai. Man shafawa kaɗai ba ya kashe na kai, domin cutar tana cikin silin gashi. Sai an sha magani, kamar girisofulbin, mako shida zuwa takwas bisa ga umurnin ma'aikacin lafiya. Kada a kankare shi da reza, kada a zuba masa ruwan batir ko baƙin mai.

Hausawa sun san illar kitso da ƙwarƙwata, har ya zama karin magana. Ƙwanta yakan ƙyanƙyashe cikin kwana bakwai zuwa goma, don haka wanki ɗaya ba ya isa. A tsefe, a jiƙa kan, a shafa mai, a taje da mataji mai ƙananan haƙora bayan kowane kwana uku har mako biyu, a wanke ɗankwali da zanen rufa da ruwan zafi, a duba dukan yaran gidan rana ɗaya.

A nan muna jan kunnen 'yan'uwa manoma. Akwai gidajen da ake ɗauko fiya-fiya ko maganin feshin wake a shafa wa yarinya a ka, a ɗaure da ɗankwali. Gubar tana ratsa fata ta shiga jini, kuma an yi asarar rayuka a ƙasar nan ta wannan hanya. A 2019 hukumar NAFDAC ta ba da umurnin a janye irin wannan magani daga kantuna da kasuwannin da ba na kayan gona ba. In yarinya ta fara dalalar da miyau, da gumi, da amai, da wahalar numfashi bayan an shafa mata, a cire tufafinta, a wanke kan da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti da kwalbar maganin a hannu.

Man miƙar da gashi

Wani sabon abu da kakanninmu ba su sani ba shi ne man kanti da ake sa wa yara domin gashi ya miƙe ya yi santsi. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da soda irin ta yin sabulu ko danginta, suna ƙona fatar kai. A Amurka, inda baƙaƙen mata suka daɗe suna amfani da shi, wani babban bincike na 2022 ya tarar masu yawan sa shi sun fi kamuwa da ciwon dajin mahaifa. Tun 2019 ma Jihar Kalifoniya ta kafa dokar hana a wulakanta mutum a makaranta ko wurin aiki saboda kitso ko gashinsa na asali. Su can sai da doka suka sami abin da muke da shi a tsakar gida. Yarinyar da aka saba ce mata gashinta ya yi tauri ko ya yi muni takan girma tana jin kunyar kanta. Gara a jiƙa shi da karkashi, a taje daga ƙarshe zuwa gindi a hankali.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

1. Kowane gida ya ware wake da gyaɗa da riɗi na yara tun da kaka, kafin a kai saura kasuwa.

2. Mata su haɗu su soya garin kunu: mudu 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. A ƙara garin zogale ko kuka a miya, a ba yaro ƙwai.

3. Jariri ya sha nono zalla wata shida, yaye kuma a yi shi sannu a hankali.

4. In an ga jan gashi, a danna bayan ƙafar yarinyar da babban yatsa a ƙidaya uku. In wurin ya lotsa a ƙafa biyu, a kai ta asibiti ran nan. Ma'aikacin lafiya zai auna damtsenta. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani, kuma tana da magani.

5. Maganin feshi ya zauna a kulle, nesa da ɗakin kwana.

6. In ana shema, a bar karkashi a gefen gona. Samari kuma su taya ɗebo ruwa ranar gyaran kai, domin uwa ta sami zama.

Da muka koma ƙauyen nan muka faɗi abin da muka gano, tsohuwar ta yi shiru, sa'an nan ta ce a zamaninsu kowane gida da saniyar tatsa ko akuya. Mai goyon ta ce ita dai ba za ta ja kan ɗiyarta ba. Mun bar maza suna shawarar mudu nawa na wake kowa zai ajiye bana. Muna roƙon kowace ƙungiya ta sa wannan magana cikin taronta na gaba, a kuma aiko mana da abin da aka shirya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuriya.