Ta Ina Za A Fara Karanta Sherlock Holmes?

Labaran mai binciken laifuka Sherlock Holmes ba su da yawan da zai razana mai karatu: dogaye 4 ne da gajeru 56, waɗanda Arthur Conan Doyle ya wallafa tsakanin 1887 da 1927. Inda ake yin tuntuɓe shi ne wajen zaɓar na farawa. Mutum kan ɗauki na farko, A Study in Scarlet, yana cikin jin daɗin bincike a Landan, kwatsam sai marubucin ya kwashe shi zuwa Amurka, babi biyar cur babu Holmes babu alamarsa. A nan da yawa ke ajiye littafin. Shawarata, a jinkirta shi.

Ga mai karatu a Tsaskiya, ko wani gari na Safana da Batsari, gajerun labarai biyu ne suka fi dacewa, domin sun ginu kan abin da mutanen gefen dajin Rugu suka sani tun kaka da kakanni, wato bin sawu. A Silver Blaze, na 1892, dokin sukuwa ne ya ɓace daga barga da dare, aka tsinci gawar mai horar da shi a daji. 'Yan sanda sun riga sun kama wanda suke zargi. Holmes kuwa ya bi sawun kofato har inda sawun mutum ya haɗu da shi, sannan ya tsaya kan abubuwa biyu da kowa ya raina: tumakin gidan da suka soma ɗingishi, da karen barga da bai yi haushi ba a daren. Duk mai kare ya san ma'anar wannan shirun. Wanda ya shigo ba baƙo ba ne.

Na biyu, The Priory School, na 1904, ya fi burge ni. An sace ɗan wani babban basarake daga makarantar kwana. Ko'ina a fadamar da ke kusa da makarantar sawun shanu ne, amma babu saniya ko ɗaya a gani, kuma takun yana sauyawa daga tafiya zuwa sassarfa zuwa sukuwa, yadda doki ke yi. A Ingila ana buga wa dawaki takalmin ƙarfe a kofato. Ashe wani ne ya sa musu mai siffar kofaton saniya don ɓad da sawu. Makiyayi zai iya riga Dakta Watson gano wannan.

Watson shi ne mai ba da yawancin labaran, likitan soja da aka raunata a Afganistan, abokin zaman Holmes a gida mai lamba 221B a titin Baker. Kada a ɗauke shi dolo, kamar yadda wasu finafinai suka mayar da shi. Yana ganin duk abin da Holmes ya gani, haɗawa ce ba ya yi, kuma ta idonsa ake ba mai karatu damar gwada tasa basirar. Shi ma Doyle likita ne. Ya ɗauko salon Holmes daga malaminsa a jami'ar Edinburgh, Joseph Bell, wanda kan faɗi sana'ar majinyaci daga hannunsa da tafiyarsa tun bai buɗe baki ba. A 1881 Doyle ya zo gaɓar Afirka ta Yamma yana likitan wani jirgin ruwa mai suna Mayumba.

Bayan waɗannan biyu, a bi tarin gajerun labarai na farko, The Adventures of Sherlock Holmes, sannan The Hound of the Baskervilles, wanda ya fi sauran dogayen tsari: gari ya ɗauka wani baƙin kare na aljanu ke kashe 'yan wani gida, Holmes kuma ya nemi mutumin da zai ci gado. The Final Problem a bar shi can ƙarshe. Doyle ya gaji da gwarzonsa, a wannan labarin ya jefa shi magangarar ruwan Reichenbach a 1893 tare da abokin gabarsa Moriarty, sai da matsin masu karatu da kuɗin mawallafa suka sa ya tashe shi a 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato.

Wannan zamanin na mulkin mallaka yana nan cikin littattafan, kuma bai kamata a kau da kai ba. A The Sign of Four, na 1890, dukiyar da ake kisa a kanta daga Agra ta Indiya aka kwaso ta, kuma an siffanta wani mutumin tsibiran Andaman tamkar dabba. Holmes kansa a nan yana yi wa jikinsa allurar hodar iblis idan ya rasa aiki, Watson yana yi masa faɗa. Malamin da zai ba ɗalibai wannan littafin ya fara karanta shi da kansa. Turancin ma na tsofaffi ne; ɗan sakandare ya nemi bugun da aka sauƙaƙa, na asali kuwa duk suna intanet kyauta.