Gyaran Kotar Bindiga a Gida: Me Ya Sa Mai Ya Fi Fenti?

Yawancin masu bindigar farauta ƙarfen kawai suke gogewa, icen kuwa sai abin da Allah ya yi. Alhali kota ce ke riƙe da bututu da kunama, ita ce kuma ke ɗaukar bugun harbi ta kai shi kafaɗa. Ice yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Shekara da shekaru ana haka, sai kota ta fara tsagewa, ƙarfe ya riƙa motsi a mazauninsa. Adakar mafarauci da bindigar da aka ƙera a Turai duk ciwonsu ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shafa baƙin mai. Man inji ba ya bushewa, ratsa ice yake yi ya tausasa shi, musamman wurin da kota ta haɗu da ƙarfe. Man gyaɗa da man kaɗanya su ma ba sa bushewa, ƙura kawai suke tarawa. Fenti kuwa a sama yake zama kamar ɓawo: da ƙaya ta karce shi, ruwa ya samu ƙofar shiga ya rasa ta fita, ice ya yi ta lalacewa a ƙarƙashi ba a gani.

Shi ya sa maƙeran bindiga suka daɗe da dogaro da man linsid, wanda ake tatsa daga irin tsiron filaks. Da shi sojojin Ingila suka riƙa kula da kotar bindigar Lee-Enfield, Amurka ma ta yi amfani da shi da kuma man tung a kan bindigar M1 Garand lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Man linsid idan ya sha iska daskarewa yake yi a cikin ƙofofin icen, ba a bayansa kaɗai ba. Ko kota ta karce, ɗigo ɗaya ya isa a gyara wurin.

Kafin a fara aiki a tabbatar babu harsashi. Idan adaka ce, a kwashe albarushin ƙaf, domin aikin yana buƙatar zafi. Sai a raba ice da ƙarfe, a kankare tsohon fenti a hankali, a goge maiƙon da ya jiƙa kotar da tina a wuri mai iska. Inda ice ya lotsa, a ɗora jiƙaƙƙen ƙyalle a danna dutsen guga mai zafi. Tururi zai ɗago wurin muddin icen bai yanke ba. Tsaga kuma gam ɗin kafinta take so, a ɗaure ta tamau ta kwana. Amma idan a wuyan kota take, inda hannu ke kamawa, gara a kai wa gwani.

Daga nan sai samfefa: a fara da lamba 150, a koma 220, a ƙare da 320, kullum ana bin tsawon icen, ba a gicciye ba. Kada a ci gefen da ƙarfe ke zama, don abin da samfefa ta cinye ba ya dawowa. Kafin gugar ƙarshe a shafa ruwa kaɗan a bari ya bushe, ƙananan zaren ice za su miƙe, a share su.

Wajen shafa mai ne gaggawa ke ɓata aiki. Ɗigo kaɗan ake zubawa a tafin hannu, a murza har icen ya yi ɗumi, bayan kamar minti 20 a goge duk abin da bai shige ba. A bar kota a inuwa aƙalla kwana guda kafin a maimaita. Tsoffin masu sana'ar kan ba da shawarar a shafa kullum na mako guda, sannan mako-mako na wata guda, sannan wata-wata har shekara. Wanda ya lafta da yawa lokaci ɗaya zai tashi da kota mai danƙo.

Tsumman da aka yi aiki da shi ma abin lura ne. Man linsid yana fitar da zafi yayin bushewa, har tsumman da aka dunƙule ya kan kama wuta da kansa. A shanya shi a fili ko a jiƙa shi cikin ruwa.

A tuna kuma cewa a Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta yi tanadin lasisi har ga adaka. Wanda ya mallaki bindigarsa bisa doka, ya ware wa kotarta ɗan lokaci kafin damina ta faɗi da kuma farkon hunturu, domin a waɗannan lokutan ne ice ya fi wahala.