Wa Ke Sa Ido a Kan Wikipedia?

Da yawa daga cikinmu idan aka ba mu aikin gida, sai mu ari wayar yaya ko ta baba mu shiga intanet, kuma shafin da ya fi saurin fito mana shi ne Wikipedia. To amma wa ke rubuta shi? Kuma wa ke duba ko gaskiya aka rubuta? A wannan makon mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun kawo muku bayani a kan haka.

Wikipedia kundin ilimi ne na kyauta da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001 a ƙasar Amurka. Masu rubuta shi 'yan sa-kai ne, ba albashi ake biyan su ba. Ana yin sa da harsuna sama da 300, har da namu na Hausa. Kusan kowa zai iya shiga ya gyara rubutu. Wannan abu ne mai kyau, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma kuma ƙofa ce da maƙaryaci zai iya bi. Shi ya sa wasu 'yan jarida suka ɗauki shekaru suna bibiyar abin da ke faruwa a cikinsa, kamar yadda wasu ke bibiyar majalisa ko ƙwallon ƙafa.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Noam Cohen, wanda ya daɗe yana rubuta wa jaridar New York Times labaran Wikipedia. A shekarar 2007 ya ba da labarin wani babban mai gyara da ke kiran kansa Essjay. Wannan mutum ya ce shi farfesa ne mai digirin digirgir, mutane suna ta sauraron sa idan gardama ta tashi. Ashe saurayi ne ɗan shekara 24 da ba shi da wannan digirin. Da asirinsa ya tonu, sai ya bar aikin. Lalle ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wani kuma shi ne Stephen Harrison, lauya kuma ɗan jarida, mai fili na musamman kan Wikipedia a mujallar Slate. A shekarar 2020 ya yi rubutu a kan wani abin mamaki. An gano cewa wani yaro Ba'amurke, da ya fara tun yana ɗan shekara 12, ya rubuta maƙaloli sama da 20,000 a Wikipedia ta harshen Scots, wani harshe da ake yi a yankin Sikotilan na Birtaniya, alhali bai iya harshen ba. Niyyarsa taimako ce, amma Turanci yake ɗauka yana sassauya kalmomi. Shekaru aka yi ba a lura ba, saboda masu harshen kaɗan ne ke leƙawa. Da labarin ya bazu a jaridu, sai suka taru suka fara gyara.

Wannan labari ya shafe mu. Idan Hausawa ba mu karanta Wikipedia ta Hausa, ba mu gyara ta, wani zai iya cika ta da gurɓatacciyar fassara, ƙannenmu su zo su ɗauka Hausa ce.

Akwai kuma wata hanya da aikin jarida ya haɗu da Wikipedia. Dokar shafin ita ce ba a yarda mutum ya rubuta abin da ya ji a majalisar ƙofar gida ba. Dole ya nuna littafi ko jarida ko wata madogara da aka buga. Misali, an san cewa an ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agustan 1991, an san bikin kamun kifi na Argungu ya fara a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa a 2016. Waɗannan suna iya shiga domin an rubuta su. Haka ma tarihin Muhammadu Kanta da birninsa Surame, da na Malam Abdullahi na Gwandu. Amma tarihin unguwarmu fa, ko na manoman shinkafa a fadamar gulbin Rima, ko na masuntan Matan Fada? Idan babu wanda ya tambayi dattawa ya rubuta aka buga, ba su da hanyar shiga, ko da kuwa duk gari ya san su.

Ke nan ɗan jarida yana da aiki biyu: ya samar da sahihin labarin da za a dogara da shi, sannan ya sa ido a kan waɗanda suka ɗauka. Idan shi ma ya yi lalaci ya kwafo ƙarya daga Wikipedia ya buga, gobe wani zai nuna jaridarsa a matsayin hujja, ƙaryar ta zauna daram.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa shawara. Idan kun buɗe maƙala, ku gangara ƙasa ku duba manazarta. Idan babu, ku yi hattara. Ku gwada abin da kuka gani da littafin karatu, ko ku tambayi malami. Kada ku kwafe kai tsaye ku miƙa. Mu ma a wannan allo mun ɗauki alkawarin ba za mu liƙa labari ba sai mun tabbatar da inda ya fito. Duk wanda ya ga kuskure a rubutunmu, ya same mu ranar taron ƙungiya, za mu gyara tare da godiya.

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.