Jinyar Ɓari ga Ɗalibai Mata

Ɓari shi ne zubewar ciki kafin lokacin haihuwa. Yana iya samun kowace mace, har da ɗalibai 'yan Wagini, Batsari da Safana da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Doka a Arewacin Najeriya ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa, amma ba ta hana jinyar wadda cikinta ya zube ba.

Zubar jini mai yawa, zazzaɓi da matsanancin ciwon mara alamun haɗari ne. A asibiti akan tsayar da jinin, a yi wankin ciki, a ba da magani, sannan a yi bayanin tazarar haihuwa. Idan abin ya tsananta, akan tura mace babban asibiti, kamar Asibitin Turai 'Yar'adua da ke Katsina.