A Bar Mai Jego Ta Huta

Ka ba ni fili in amayar da abin da ke cikina.

Ranar 23 ga Afrilu 2018 Kate, matar Yarima William na Ingila, ta haifi Louis a Landan. Bayan kamar awa bakwai sai ga ta a ƙofar asibiti, jar riga, takalmi mai tsini, ana ta yabo. Ni kam tausayi ta ba ni. A 2013 da ta haifi George, har tsegumi aka yi wai cikinta bai koma ba, kwana ɗaya da haihuwa fa!

Hoton nan maigidana ya nuna mini, wai in koma rumfa bayan suna. Na ce Malam, ba inda za ni sai na yi arba'in.