Abin da ya sa koken mutanen Gobir ke nufar Abuja

A Agustan 2024, yayin da birane ke zanga-zangar tsadar rayuwa a mulkin Shugaba Tinubu, hankalin mutanen Sabon Birni da Isa yana kan Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, da 'yan bindiga suka sace. Da labarin rasuwarsa a hannunsu ya bazu, matasan Sabon Birni suka fantsama kan tituna.

Ba yau farau ba. Ƙona matafiya cikin mota a Gidan Bawa, a Disambar 2021, shi ya tayar da zanga-zangar adawa da Buhari har Kano da Abuja. Sojoji da 'yan sanda duk a hannun shugaban ƙasa suke, don haka manomin da Bello Turji ya ɗora wa haraji ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, kuma ba ta gwamna ba ce.